Ban Ruwan Goggo Lailatu

Goggo Lailatu ta zo Garwa ne saboda idonta, ba saboda ciyawa ba. Na fara da wannan ne don yanzu a unguwarmu akwai masu ba da labarin ta wata fuskar, har da waɗanda ba su taɓa gaisawa da tsohuwar ba. Ni na gan ta. Ƙofata na kallon ƙofar Alhaji Mas'udu, ɗan ƙanenta, kuma a famfon gidansa nake ɗibar ruwan da nake ƙulla ƙanƙara da folere, wato zoɓo, don shi kaɗai ke da rijiyar burtsatse a layinmu. Kullum sai na shiga gidan sau biyu, wani lokacin sau uku.

Ta sauka daga motar garinsu Pitowa ranar wata Litinin cikin watan Afrilu, da ƙullin kayanta da ɗan buhun gyaɗa na tsaraba. Idonta na hagu ya mutu tun bara. Na daman ne ya fara yi mata irin abin da ɗan'uwansa ya yi kafin ya tafi, ciwon kai da nauyi da duhu-duhu a gefe. Washegari Alhaji yana ofis, matarsa Hajiya Rahamatu kuma tana fama da hidimar bikin 'yarsu da ya rage sati shida, sai aka roƙe ni in raka ta asibiti tunda ina jin Faransanci. Muka hau moto, wato babur na haya, muka tafi.

Mai duba ido wata ce Madam Honorine, 'yar Kudu, mace mai saurin magana. Ta ɗora wa Goggo na'ura, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juyo gare ni.

"Hawan jinin ido ne, kuma ya hau sosai," in ji ta. "Amma Mama ta zo a sa'a. Likitan da ke wannan aikin zai zo daga Yaunde ranar Litinin, zai yi sati biyu a nan. Na sa ta Alhamis ta sama, ƙarfe bakwai na safe. Ɗan'uwanta ya zo da ita ya sa hannu."

Ta rubuta ranar a karne, ɗan littafin nan na asibiti, ta ba mu maganin ɗigawa. Ta ce kar Goggo ta sunkuya, kar ta ɗauki nauyi, kar ta daɗe a rana, kuma bayan aikin ma haka za ta yi wata guda. Ta ce maganin ba ya warkarwa, riƙewa kawai yake yi na ɗan lokaci, in jijiyar ta mutu babu likitan da zai tashe ta ko a Faransa. Ta nemi lambar waya, na ba ta tawa. Da muka dawo gida na maimaita duk wannan a gaban Alhaji da Hajiya, ban rage ko kalma ba. Alhaji ya ce, "Madalla, Alhamis ai kamar gobe ne."

A satin ne kuma ake fama da gazon. Haka Alhaji ke kiranta, in ka ce ciyawa sai ya gyara maka. Ya gani ne a wani gida a unguwar Filato, ya rantse sai an ɗauki hotunan bikin 'yarsa a kan irinta, don surukan daga Yaunde za su zo, kada su ɗauka mutanen Garwa a kan turɓaya suke zaune. Aka fasa simintin tsakar gida, aka zubo baƙar ƙasa daga bakin Binuwai, aka kira wani mai lambu, Parfait, ya watsa iri. Da yamma Saleh mai gadi ya saki tiyo a kai da iya ƙarfinsa, ruwa ya kwashe irin kaf ya fito da shi ta magudana. Gazon ɗin Alhaji na farko a bakin kwatata ya tsiro, awakin unguwa suka yi godiya.

Ranar Laraba Parfait ya dawo da sabon iri, ransa a ɓace. Ina tsaye da jarkokina a bakin famfo ya tara mutanen gidan.

"Irin nan a saman ƙasa yake kwana," in ji shi. "In saman ya bushe na awa biyu, ya mutu. In ruwa ya gudana, ya tafi. Sau huɗu a rana, yayyafi kaɗan-kaɗan, har sati uku. In ya kama saiwa sai a rage. Amma kafin nan ko sau ɗaya aka tsallake, kar a kira ni."

Goggo na zaune a inuwar baranda tana ɓarar gyaɗa. Ta yi dariya har tana goge ƙwalla.

"Ikon Allah. Shekara sittin ina yaƙi da ciyawa a gonar auduga, ashe a birni gado ake gyara mata. Mas'udu, ba ni gwangwanin tumatir da ƙusa."

Ta huhhuda gindin gwangwanin, ta cika shi a bokiti, ta sunkuya tana kaɗa hannu a hankali, irin yadda ake ba gadon albasa ruwa kafin dashe. Ruwan ya sauka kamar raɓa, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Nuna musu kawai take yi, na tabbata, don har ta miƙa wa Saleh gwangwanin. Parfait ya tafa hannu ya ce, "Alaji, ga injiniyanka nan. Mama kaɗai za ta taɓa min shi." Alhaji ya yi dariya, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Saleh ya mayar mata da gwangwanin.

Haka aka fara. Bayan asuba, da hantsi, bayan azahar, da kuma gab da magariba. Filin taku goma sha huɗu ne a tsawo, tara a faɗi, kuma kowane zagaye yana cin bokiti goma sha biyu. Da farko Saleh ke ɗauko mata bokitin. Da hidimar biki ta yi zafi aka riƙa aikensa kasuwa, sai ta koma ɗauka da kanta. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san abin da ake nufi da bayan azahar. Ko kaji ba sa fitowa.

Na ce wa Hajiya, "Ba an ce kar ta sunkuya ba?"

"Maman Hanzala, kin san mutanen ƙauye," in ji ta, idonta na kan atamfofin anko. "In kika hana su aiki sai ciwo ya kama su. Ita ta ce tana so. Jiya ma na ce ta bari, ta ce a'a."

Gaskiya ne ta ce ta bari. Na ji ta da kunnena. Ta faɗa ne daga cikin falo, ƙarƙashin fanka, kuma ba ta ce wa zai karɓa ba.

Ranar Laraba ta gaba, jajibirin aikin ido, ƙasar ta yi wani ɗan kore-kore, sai ka durƙusa za ka ga silin ciyawar kamar gashin jariri. Alhaji ya dawo daga ofis, bai ko cire takalmi ba ya tsuguna yana ɗaukar hoto. Ya kira Parfait a waya, suka daɗe, ya dawo ya zauna kusa da Goggo a tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Goggo, ya jikin?"

"Da sauƙi, ɗana."

"Ai na ga alama. Maganin nan yana aiki." Ya gyara zama. "Ina tunanin gobe. Parfait ya ce yanzu ne lokacin da ya fi haɗari, tunda ta fasa ƙasa. In aka yi miki aikin nan wata guda ba za ki taɓa komai ba. Likitan kuwa yana nan har Juma'a ta sama. Me zai hana a ɗaga zuwa Talata? Kwana biyar ne kawai. Ina da mutum a asibitin, magana ɗaya zan yi."

Goggo ta juyar da kanta gefe don ta gan shi da idon da ya rage. Ta daɗe tana kallonsa.

"Duk yadda ka ce, Mas'udu."

Na ce, "Alhaji, Madam ta ce kar a ɓata lokaci."

"Haka ma'aikatan asibiti suke, Maman Hanzala. In ba su tsorata mutum ba ba ya zuwa." Ya faɗa da murmushi, ba tare da ko ɗigon fushi ba. Alhaji Mas'udu mutum ne mai fara'a, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ce min ruwan da nake ɗiba ya yi yawa ba. Na ɗauki jarkokina na fita.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara Madam Honorine ta kira ni. Na ce mata an samu uzuri a gida. Ta tambayi wane irin uzuri. Na ji kunyar in ce ciyawa, sai na ce biki. Ta ja numfashi ta ce ta mayar da ita Talata, amma in gaya musu ba kasuwa ba ce.

Daga ranar Asabar Goggo ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau, har jijiyoyin goshinta na fitowa. Ta daina cin tuwon rana. Ta ce min in an kunna ƙwan lantarki da magariba tana ganin zobe-zobe masu launi sun kewaye shi. Ranar Lahadi na tarar da ita a bayan tanki tana amai, bokitin na gefenta a cike, ta rufe shi da faifai don kar ƙura ta shiga.

Na shiga falo na gaya wa Hajiya. Ta aiko mata da farasitamol biyu da ruwan sanyi.

"Zazzaɓin rana ne," in ji ta. "Ni ma tun safe kaina ke sarawa. Kowa a gidan nan yana shan wahalar bikin nan, ba ita kaɗai ba."

"To a ba Saleh gwangwanin mana."

"Saleh? Ba ki ga abin da ya yi wa na farko ba? Hannunsa nauyi gare shi. In wannan ya lalace babu lokacin sake wani, Alhaji kuma ya riga ya tura wa surukai hoto."

Na koma wurin Goggo na zauna a kan bulo. Na ce mata ranar Talata in ba su shirya ba ni zan ɗauke ta a moto, mu je in roƙi Madam ta karɓi hannuna a madadin na dangi.

"A'a, 'yata," in ji ta. "Ina gidan ɗana, a ce maƙwabciya ce ta kai ni a yanka min ido? Me za a ce da shi a unguwa? Me zan ce in na koma Pitowa? Ni na goya Mas'udu. Ba da ni za a ji kunyarsa ba."

"Goggo, ido ɗaya ne ya rage miki."

"Na sani. Ni ke ɗauke da shi." Ta gyara ɗaurin kanta. "Zai kai ni. Yaro ne mai kirki, abubuwa ne suka yi masa yawa. Kuma abin nan, ko ciyawa ce, rai ne. Tunda na fara ba shi ruwa ba zan bar shi ya ƙone a hannuna ba."

Ta miƙe ta ɗauki bokitin. Na bar ta ta ɗauka. Ina da ƙanƙara a firji da ke jiran a kai wa masu shago kafin a ɗauke wuta.

Talata ta zo, Alhaji ya tafi Ngawundare tarbo kayan ɗakin amarya da suka iso a jirgin ƙasa. Ya bar saƙo cewa ya yi magana da mutuminsa, an mayar Juma'a. Da Madam Honorine ta kira, na gane babu wani mutumi da aka yi wa magana. Ta ce Juma'a ce ranar likitan ta ƙarshe, da azahar zai rufe, jirginsa na yamma. Ta ce, "Madam, in kin san matar nan don Allah, ki kawo ta ko a kafaɗa." Na ce to.

A kwanakin nan ciyawar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ta kai tsawon gaɓar yatsa, ta rufe ƙasar sai ɗan wuri-wuri. Goggo kuma ta daina tafiya kai tsaye. Ta nemi igiyar shanya ta ɗaura daga famfo zuwa kusurwar filin, tana bi da hannu ɗaya, bokiti a ɗaya hannun. Ta cire takalmi, da tafin ƙafa take gane inda ya jiƙa da inda bai jiƙa ba. Hajiya ta ga igiyar ta ce, "Goggo akwai dabara," ta wuce.

Ranar Alhamis da yamma na tare Alhaji a bakin mota. Na ce masa gobe ce ta ƙarshe, daga ita babu wata.

"Na sani, wallahi yana raina," in ji shi. "Gobe da sassafe. Ki shirya ki raka mu."

Da sassafen na shirya. An ɗauke wuta tun kafin asuba, injin rijiya bai tura ruwa ba, tanki ya kusa ƙarewa. Ƙarfe bakwai zafi ya riga ya fara. Goggo ta yi ban ruwan asuba da abin da ya rage, ta yi wanka da buta guda, ta sa zanenta na fita, ta zauna a baranda da karne a cinyarta. Alhaji ya fito ya leƙa tanki, ya dubi ciyawar, ya dubi agogo.

"Bari in je in samo masu kurar ruwa in dawo," in ji shi. "Minti ashirin. In muka tafi muka bar ta haka, kafin azahar ta ƙone."

Ya tafi da motar. Ƙarfe tara masu kura suka iso, shi bai iso ba, wai an kira shi ofis. Ƙarfe goma ya kira Hajiya, na ji muryarsa ta waya yana cewa tunda ruwa ya samu a yi na hantsi kafin ya ƙaraso. Goggo ta ajiye karne a kan tabarma, ta tattare zanen fitarta ta soke, ta kama igiya. Ni ina tsaye da mayafina, wayata na ta ruri a cikin jaka, na san mai kiran ban ɗauka ba. Moto nawa ne suka wuce ta ƙofar gidan a safiyar nan, ban ƙirga ba. Da na ɗaga hannu ɗaya zai tsaya. Na tsaya ina tunanin abin da Goggo ta ce, da abin da Alhaji zai ji, da inda zan riƙa samun ruwa in aka ɓata. Ina cikin tunanin aka kira sallar Juma'a.

Alhaji ya shigo wajen ƙarfe uku da carbi a hannu da kankana biyu a bayan mota.

"Goggo, ki yafe ni, yau abubuwa sun cakuɗe," in ji shi. "Amma na yi tambaya, an ce likitocin nan suna zuwa duk bayan wata uku. Kuma kwana biyar ya rage sati ukun ya cika. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wa ya sani ma ko da an yi aikin a wannan zafin ya ruɓe."

"Allah ya sa," in ji Goggo.

Ranar Litinin da hantsi na shigo da jarkokina, rana ta take ko'ina fari fat. Na tarar da ita tsaye a tsakiyar baranda, gwangwani a hannunta, tana yayyafa wa siminti ruwa a hankali, da irin kaɗa hannun nan nata. Igiyar ta tsinke, ta bi bango ta ɗauka gefen fili ne. Ta ji takuna ta tsaya.

"Maman Hanzala ce?"

"Ni ce, Goggo. Jam na?" na gaishe ta da Fulatanci.

"Jam. Hadari ne ya haɗo haka tun safe? In za a yi ruwa gara in bar ban ruwan, kar ya yi mata yawa."

Na ɗaga hannuna a gaban fuskarta na kaɗa. Idon na buɗe, ya yi ja, bai bi hannun ba. Ban ji komai ba a lokacin, gaskiyar ke nan. Na karɓi gwangwanin na ajiye, na zaunar da ita, na shiga na kira Hajiya. Hajiya ta fito ta kalli Goggo, ta kalli simintin da ya jiƙe, ta ce, "Innalillahi. To na hantsin ba a yi ba ke nan?"

A ranar Alhaji ya samu lokaci. Cikin rabin awa ya zo da mota, ya riƙe hannun Goggo da kansa har kujerar baya. Madam Honorine ba ta gaishe mu ba. Ta haska idon, ta auna, ta kashe fitilar. Ta ce wa Goggo da Fulatancinta na koyo ta ɗan jira, ta fito da mu baranda ta ja ƙofa, kamar yadda ake yi in maganar mai nauyi ce, a gaya wa namijin gida shi ya san yadda zai isar.

"Ya tafi," in ji ta. "Jijiyar ta mutu. Zan ba da maganin da zai rage mata ciwon, shi ke nan abin da ya rage."

"In likitan ya dawo fa?" in ji Alhaji.

"Ko likita goma ne suka dawo. Sau uku na rubuta sunanta, Mesiye Mas'udu. Me ya hana ku?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Ƙaddara ce, Madam. Abin da Allah ya rubuta."

Ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki. Ni ta fi daɗewa tana kallo.

A mota Goggo ta tambaya me aka ce. Alhaji ya gyara madubi ya ce, "Sun ce a ci gaba da magani, Goggo. In likitan ya dawo za a yi aikin, ido zai buɗe da yardar Allah." Ta ce alhamdulillahi. Ina zaune kusa da ita, cinyata na taɓa tata, na juya ina kallon titi ta taga. Kafin mu kai gida ya kira Parfait yana tambayar wa zai karɓi ban ruwa.

Saleh ne ya karɓa. Goggo ta zauna a bakin baranda tana gaya masa yadda zai riƙe gwangwanin, ya sassauta wuyan hannu, kar ya tsaya wuri ɗaya. Kafin la'asar ya iya. Abin da aka ce babu mai iya shi duk gidan sai ita, yini ɗaya bai cika ba mai gadi ya koye shi, kuma ko sili ɗaya bai mutu ba.

Yanzu in kun tambayi Hajiya za ta ce muku tsohuwar ce ta ƙi hutawa. Alhaji zai ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa tun daga ƙauye, ga na hagun nan shaida. Parfait zai ce shi mai lambu ne, ba wanda ya gaya masa maganar ido. Duk cikinsu babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta abinci, ɗakinta ma har da fanka. Da a ce dukanta suka yi, da unguwa ta taru a kansu. Ba su yi mata komai ba sai "gobe", cikin ladabi, da "Goggo" a gaban kowace magana. Ni kuma da na ji bayanin Madam da kunnena, na san rana, na san sa'a, lambata ce a karne, ba ni da abin da zan ce. Ina jin haushinsu, amma haushin ba ya nisa yake dawowa kaina. Har yau a famfonsu nake ɗibar ruwa.

Sati biyu kafin biki na shiga da yamma na same ta ita kaɗai. Ta lallaɓa ta sauko daga baranda ta tsuguna a bakin filin. Ciyawar ta yi duhu ta cika, har an yi mata askin farko. Goggo ta shafa ta da tafin hannu, ta kama 'yan sili ta ja a hankali, ba su tumɓuke ba. Ta tura yatsa cikin ƙasa ta ciro ta murza.

"Maman Hanzala, ta yi kore?"

"Ta yi, Goggo."

"Ta kama saiwa, na ji ta. Yanzu sau ɗaya a rana ya ishe ta, a ba ta ta ƙoshi da safe shi ke nan. Ba ta bukatata kuma." Ta goge hannunta a zane, ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina, ta ɗan kauce kaɗan. "Ni ina jin nauyin in yi ta tuna masa, ga hidima ta yi masa yawa. Ke ki gaya wa Mas'udu na gama. Duk ranar da likitan ya dawo, a shirye nake."

Jarkata ta cika tana zuba a ƙasa. Na je na rufe famfon.

Na ce, "To, Goggo. Zan gaya masa."